Hoton Jirgin Ƙasa da na Maginansa a Matsayin Hujjar Nazari: Darasi Daga Ƙasar Minjibir

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsayin hoto a fagen nazarin Hausa, inda ta ɗauki jirgin ƙasa na fasinja mai cin dogon zango da ire-iren maginan da ke tattare da shi a matsayin abin misali. An zaɓi ƙasar Minjibir saboda ta daɗe tana maƙwabtaka da layin Kano zuwa Nguru, sannan ga sabon layin Kano zuwa Maraɗi an tsara masa tasha a garin Kunya. Maƙalar ta dogara ga ayyukan da masana tarihi da na gine-gine suka wallafa, da kuma ƙa'idojin ɗaukar hoto. Ta nuna cewa al'adar hoton jirgi da aka gada ta fifita inji a kan mutanen da suka yi aikin, don haka sunayensu da kalmomin sana'arsu suka salwanta. Daga nan ta bayyana yadda manazarci zai ɗauki hoton jirgi da na magini, da irin bayanin da ya wajaba ya biyo kowane hoto kafin a karɓe shi a matsayin hujja.

Fitilun Kalmomi: hoto, jirgin ƙasa, magina, Minjibir, adana tarihi

1.0 Gabatarwa

Nazarin Hausa a jami'o'i ya ginu a kan harshe da adabi da al'ada, kuma mafi yawan hujjojinsa daga baki ko daga rubutu ake samo su. Hoto kuwa, in ya shigo kundin digiri, yawanci a rataye yake zuwa, can ƙarshe, da ɗan gajeren bayani irin su "wani magini a bakin aiki" ko "jirgin ƙasa a tasha". Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma hoton da bai faɗi wane ne ba, bai faɗi ina ne ba, bai faɗi yaushe ne ba, ba ya iya korar komai. Mai karatu ba zai san ko a Kunya aka ɗauke shi ko a Kura ba, balle ya kafa hujja da shi.

Jirgin ƙasa fage ne mai kyau na gwada wannan batu. Abu ne mai girma da ƙara da hayaƙi, wanda yake cika ido har ya rufe duk abin da ke gefensa. Alhali kuwa babu taku ɗaya na layin dogo da ba hannun mutum ya shimfiɗa shi ba, kuma babu tashar da ba ta haifar da sababbin gidaje da rumfuna da rijiyoyi ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda za a ɗauki jirgin tare da mutanen da suka gina hanyarsa da muhallinsa, ta yadda hoton zai amfani mai nazarin tarihi da mai nazarin harshe da mai nazarin sana'o'i.

2.0 Ƙasar Minjibir da Layin Dogo

Minjibir ƙaramar hukuma ce a arewa maso gabas da birnin Kano, cikin karkarar nan mai cunkoson jama'a wadda Mortimore da Wilson (1965) suka yi nazarinta. A wannan yanki gona ta haɗe da gona, ana noma ƙasa kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, ana ciyar da ita da taki, kuma kowace bishiyar gawo ko ɗorawa ko kuka tana da mai ita. Garin ya yi suna a saƙa tun kafin zuwan Turawa. A cikin ƙasarsa ne madatsar ruwa ta Wasai take, a kan kogin Jakara.

An fara aikin layin Baro zuwa Kano a zamanin Gwamna Percy Girouard, dogo ya iso Kano a watan Maris na 1911, lokacin Sarki Abbas, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Burin Turawa shi ne su kwashi auduga zuwa masaƙun Ingila. Hogendorn (1978) ya nuna yadda lissafin ya sha bamban: masaƙan gida sun fi Turawa sayen auduga da daraja, manoma kuwa suka karkata ga gyaɗa. Garuruwan saƙa irin su Minjibir suna cikin wannan labari ta fuska biyu, domin su ne masu sayen audugar, su ne kuma manoman gyaɗar. A 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kammala reshen Kano zuwa Nguru, wanda ya bi ta Jogana da Zakirai da Ringim da Malam Madori. Jogana tana ƙasar Gezawa, Zakirai tana ƙasar Gabasawa, dukansu maƙwabtan Minjibir ne. Saboda haka mutumin wannan ƙasa ya san jirgi ne a matsayin abin da ake zuwa a tarar, da jaki ko da keke ko a ƙafa.

Tsohon layi mai faɗin milimita 1,067 ne. An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, harkar ta yi tashe, daga baya ta durƙushe. A watan Disamba na 2012 aka dawo da jirgin fasinja tsakanin Legas da Kano, tafiyar kilomita 1,126 da takan ci awa 30 ko fiye, kuma tun daga lokacin zirga-zirgar takan tsaya ta dawo. Sabon layi mai faɗin milimita 1,435 ya fara aiki tsakanin Abuja da Kaduna a 2016. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ya karɓi kwangilarsa. Layin zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya, kuma cikin ƙananan tashoshin da aka tsara akwai Kunya, a ƙasar Minjibir. Ke nan abin da ya faru ga garuruwan kudu da Kano a 1911, da na gabas a 1930, shi ne yake faruwa ga wannan yanki yanzu, a lokacin da kusan kowane ɗalibi yake riƙe da kyamara a wayarsa.

3.0 Wane Ne Magini?

Aikatau "gina" a Hausa yana da faɗi. Ana gina soro, ana gina rumbu, ana gina tukunya, ana kuma gina rijiya ko rami, wato haƙa. Duk wanda ya sarrafa ƙasa, ko ya tara ta ko ya kwashe ta, gini ya yi. Bisa wannan faɗin ma'ana, ana iya kasa maginan da suka shafi jirgin ƙasa gida huɗu:

(a) Maginan hanya: leburori da masu awo da birkiloli da kafintoci da masu walda, waɗanda suka haƙa, suka cike kwari, suka gina gada da kwalbati, suka shimfiɗa dogo.

(b) Maƙeran jirgi: kamfanonin ƙetare da suka ƙera kan jirgi da taragu. A zamanin jirgin gawayi akwai North British na Gilasgo da Vulcan Foundry na Ingila; a zamanin dizal akwai English Electric da General Electric da kamfanonin ƙasar Sin.

(c) Maginan gargajiya: masu ginin ƙasa da tubali da azara, ƙarƙashin Sarkin Magina, da masu ginin rumbu da masu ginin rijiya da mata masu ginin tukwane da masu daɓe.

(d) Maginan zamani na ƙauye: masu buga bulo da masu rufin kwano, waɗanda da dama daga cikinsu 'ya'yan rukuni na uku ne da suka sauya kayan aiki.

Kalmomin da ke cikin wannan jeri su kansu tarihi ne. "Jirgi" tsohuwar kalma ce ta abin hawan ruwa, aka faɗaɗa ta zuwa ƙasa da sama. "Dogo" sifa ce ta gida da aka laƙaba wa ƙarfen hanya. Su kuwa lebura da diga da tasha da birkila da kafinta da kwangila da reluwe aro ne daga Turanci, kuma yawancinsu ta hanyar ayyukan gwamnatin mulkin mallaka suka shigo. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda dogo ya ratsa ƙasarsa yana kan gado, ya bar "Waƙar Diga", kuma sunan waƙar kaɗai ya nuna cewa abin da idon mutanen ƙasa ya fara kamawa shi ne kayan haƙa da masu haƙar.

4.0 Abin da Tsofaffin Hotuna Suka Nuna da Wanda Suka Ɓoye

Hoton jirgi yana da tsohuwar al'ada a Turai. Idan kamfani ya gama ƙera kan jirgi, akan shafe shi da fenti mai ruwan toka domin kowane ƙarfe ya fito sosai, a ɗauke shi daga gefe, sannan a goge duk abin da ke bayansa a jikin hoton. Sakamakon shi ne inji tsaye shi kaɗai a farin fili, babu masana'anta, babu maƙeri. Wannan salo na talla ne, amma ya koya wa masu ɗaukar hoto na baya cewa mutum cikas ne a hoton jirgi.

Misali mafi shahara na wannan ɓoyewa daga Amurka yake. Ranar 10 ga Mayu, 1869, Andrew Russell ya ɗauki hoton haɗuwar layin gabas da na yamma a Promontory, jihar Utah. Mafi yawan leburorin da suka gina ɓangaren yamma 'yan ƙasar Sin ne, amma da wuya a ga fuskarsu a wannan hoto. A 2014 mai ɗaukar hoto Corky Lee ya tara Amurkawa 'yan asalin Sin, ciki har da jikokin leburorin, ya sake ɗaukar hoton a wurin. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Winston Link, wanda tsakanin 1955 da 1960 ya bi jiragen gawayi na ƙarshe a yankin Bajiniya, yana ɗaukar su tare da mutanen garuruwan da suke ratsawa, a shaguna da gidaje da wuraren wanka. Aikinsa ya zama taskar tarihin zaman jama'a saboda bai kori mutane daga hoton ba.

A Arewacin Nijeriya, Mason (1978) ya nuna cewa layin Baro zuwa Kano da aikin tilas aka gina shi. Gwamnati takan yanka wa sarakuna adadi, su kuma su yanka wa hakimai da dagatai, a kwaso manoma daga gonakinsu. Tirjiyar Gwarawa a Gussoro a 1909, inda aka kashe wani jami'in Turawa, tana da nasaba da wannan matsi. Hotunan zamanin suna nan a taskoki irin su Gidan Adana Takardu na Ƙasa na Ingila, wanda ya saki dubban hotunan Ofishin Mulkin Mallaka a intanet a 2011, da tarin hotunan Duckworth, editan mujallar *Nigeria*, a Jami'ar Northwestern. Dabi'ar bayanan irin waɗannan hotuna ita ce a ambaci gada ko tasha ko Baturen da ke duba aiki, a bar ɗaruruwan masu ɗauke da ƙasa a ka ba suna, ba gari. Haka hotunan dalar gyaɗa ta Kano suke: an san sunan Alhassan Ɗantata, amma 'yan dakon da suka jera buhunan, wanda shi ma gini ne mai ƙa'ida, sun tafi da sunayensu.

Yusuf, a nazarinsa na garuruwan da ke bakin dogo tsakanin Kano da Zariya, ya dogara sosai ga hira da dattawa domin cike wannan giɓi, har ya bibiyi yadda maƙera suka riƙa samun ƙarfe daga kayan reluwe suna ƙera kayan noma. Irin wannan bayani babu shi a hoton hukuma.

Fannin ginin gargajiya ya fi sa'a kaɗan. An san Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. An san Falke Barmu na Yama a Jamhuriyar Nijar, wanda masallacinsa ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Ayyukan Sa'ad (1981) da Moughtin (1985) da Dmochowski (1990) sun haɗa hoto da awo da zane, kuma irin wannan awo ne ya ba da damar sake gina kwatankwacin masallacin Zariya a gidan tarihin gine-gine na Jos. Sai dai hankalin waɗannan ayyuka ya fi karkata ga fada da masallaci da gidajen birni. Maginin rumbu na ƙauye har yanzu yana jiran mai rubuta sunansa.

5.0 Ɗaukar Hoton Jirgin Fasinja

Jirgi mai cin dogon zango ba kullum yake wucewa ba, kuma idan ya wuce ya wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka mai nazari zai ziyarci wurin tun kafin ranar, ya zaɓi inda zai tsaya, ya tambayi ma'aikatan tasha da masu gonakin gefe lokacin da jirgin ya saba zuwa.

5.1 Haske. Minjibir tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Afrilu rana takan karkata kudu. Layin Nguru ya miƙa gabas ne, saboda haka a wannan lokaci wanda ya tsaya kudu da dogo shi zai sami gefen jirgin da haske ya buga. Layin da ya nufi Ɗambatta kuwa arewa ya dosa, don haka da hantsi a tsaya gabas da shi, da la'asar a koma yamma. Tsakar rana takan jefa ƙafafun jirgi da fuskokin mutane cikin inuwa. Hazon hunturu yana dushe launi da nesa, amma yana tausasa inuwa, abin da ke taimakon hoton fuska da na rubutu.

5.2 Sauri. Jirgin da ke gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Idan idon kyamara ya buɗe na kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, jirgin ya matsa santimita 23, kuma lambarsa ba za ta karantu ba. A kashi ɗaya cikin 500 motsin bai kai santimita 3 ba. Saboda haka a saita kyamara a 1/500 ko 1/1000. Mai amfani da waya ya danne maɓalli domin ta ɗauki hotuna da yawa a jere, ya kuma guji jawo hoto da yatsa, domin hakan yana rage ingancinsa.

5.3 Tsari. Hoto ɗaya ba ya isa. Ana bukatar aƙalla huɗu: na nesa, mai nuna jirgin cikin gonaki da bishiyoyi da rumbuna, domin a gane ƙasar da yake ratsawa, na matsakaicin zango, mai nuna kan jirgi da jerin taragu yadda za a iya ƙirga su, na kusa, mai nuna lamba da rubutu, da na jama'a, wato fasinjoji da 'yan dako da masu talla da kayan da ake lodi. Na ƙarshen nan shi ne ya fi saurin zama tarihi, domin sutura da kaya da abin sayarwa sun fi inji saurin sauyawa.

5.4 Alamun maƙera. A jikin kan jirgi akwai ɗan allon ƙarfe mai ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera shi da lambar ƙira da shekara. A gefen ƙarfen dogo ma akan sami sunan masana'anta da shekarar da aka yi shi. Waɗannan su ne takardun haihuwar kayan, kuma hasken da ya zo daga gefe ne yake fito da su. Ana ɗaukar su ne a tasha, jirgi yana tsaye, da izinin ma'aikata.

5.5 Tsaro. Jirgi ba ya iya tsayawa nan take, kuma jikinsa ya fi dogon faɗi. Ba a tsayawa a kan dogo ko a kan gada, ba a hawa tarago domin neman hoto. Tun bayan harin 28 ga Maris, 2022 a kan jirgin Abuja zuwa Kaduna, jami'an tsaro suna sa ido sosai ga mai ɗaukar hoton tasha da gada. Takardar gabatarwa daga sashe da izinin hukumar jiragen ƙasa ko na kamfanin da ke aiki wajibi ne.

6.0 Ɗaukar Hoton Magina

Jirgi daƙiƙoƙi yake bayarwa, gini kuwa makonni. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zo bayan an gama a ɗauki bango. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane: ilimin sana'a yana cikin matakanta ne, kuma da zarar an yi yaɓe an rufe shi.

Ginin ƙasa aikin rani ne, bayan an kawar da amfanin gona. Jerin hotunan soro zai fara daga kududdufin da ake haƙo ƙasa, ya bi ta kwaɓa ta da ciyawa da tattaka ta, da mulmula tubali da shanya shi, da aza harsashi, da yadda ake jefa wa magini tubali yana zaune a kan bango. Daga nan sai jera azara, wadda ake tsagowa daga giginya. Azara ba ta cika ɗaukar rufin da ya wuce kimanin mita biyu ba tare da tallafi ba, kuma wannan iyaka ce ta haifar da dabarun bakan gizo da ɗaurin guga. Wanda bai ɗauki hoton azara kafin a lulluɓe ta ba, ya rasa hujjar yadda rufin ya tsayu. Sai kuma zanko da indararo, da shafen makuba da ake samu daga ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsi daga marina. Alaƙar katsi da rini tana da muhimmanci a ƙasar masaƙa: idan karofi ya mutu, magini ma ya yi rashi.

Kowane kayan aiki a ɗauke shi sau biyu, a ajiye kusa da sandar awo, sannan a hannun mai shi yana aiki da shi. A tambayi sunansa a bakin maginin, a rubuta yadda ya faɗa, ko da ya saɓa wa ƙamus. Awon gargajiya irin su kamu da taƙi da gaba a ɗauke su a aikace. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka hoton da ya nuna maigida kaɗai bai cika ba; masu kwaɓa da masu ɗebo ruwa da yaran da ke koyo duk magina ne.

Wannan ƙa'ida ita ce kuma ta wurin aikin sabon layi. Manyan injuna za su ja ido, amma abin tambaya shi ne su wane ne matasan da ke ɗaure rodi da zuba kankare, daga wane gari suka zo, wace sana'a iyayensu suke yi, kuma da waɗanne kalmomi suke kiran kayan aikinsu. Nan ne ake ganin aron kalmomi yana faruwa a gaban ido, kamar yadda diga da lebura suka shigo fiye da shekara ɗari da suka wuce.

Akwai kuma abin da ya wuce ilimi. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, idan gwamnati ta karɓi fili domin aikin jama'a, diyyar takan tsaya ne a kan abin da aka raya a kansa, kamar gini da amfanin gona. A ƙasar da kowace bishiya take da mai ita, hoton rumbu ko rijiya ko ɗorawa mai ɗauke da kwanan wata da wuri yana iya zama shaidar abin da ya taɓa kasancewa a inda dogo ya bi. Ko bayan an gama batun diyya, shi ne kaɗai zai nuna wa na baya yadda unguwar take kafin a raba ta biyu.

7.0 Bayanin Hoto da Adana Shi

Hoto yana zama hujja ne idan bayani ya biyo shi. Mafi ƙarancin abin da ya kamata a rubuta shi ne:

1. Kwanan wata da lokaci.
2. Wuri: unguwa, gari, gunduma, ƙaramar hukuma, da ɓangaren da kyamara ta fuskanta.
3. Sunan wanda ke cikin hoton, da laƙabinsa na sana'a, da wanda ya koya masa, idan ya amince.
4. Abin da ake yi, da kalmomin masu sana'ar.
5. Ga jirgi: lambarsa, inda ya fito, inda ya nufa, yawan taragu.
6. Sunan mai ɗauka da sharaɗin da aka yi game da wallafawa.

Wayar zamani takan ajiye lokaci da wuri a cikin hoton, amma manhajoji irin su WhatsApp da Facebook sukan goge wannan bayani, su kuma rage girman hoton. Don haka a kwafe asalin zuwa kwamfuta da wata ma'ajiya ta biyu, a rubuta bayanin a littafi daban. Kada a goge wani abu daga hoton nazari, ko da turken lantarki ne da ya ɓata tsari, domin shi ma shaida ne. Ya dace sassan Hausa su riƙa karɓar waɗannan hotuna tare da kundin ɗalibi, su kuma haɗa kai da cibiyoyi irin su Gidan Arewa na Kaduna da Gidan Makama da Gidan Ɗanhausa na Kano wajen adana su.

8.0 Izini da Ladabi

Baƙo a ƙauye ta ƙofar dagaci ko mai unguwa yake shiga. Zai faɗi ya yi gaisuwa da "ranka ya daɗe", ya bayyana abin da ya kawo shi, a haɗa shi da ɗan rakiya. A wurin aiki zai fara da sallama da "sannunku da aiki", ya kira dattijo Baba ko Malam, ya kira mai sarautar sana'a da sarautarsa. Kyamara ba ta fitowa sai an saba. Iyakar namiji baƙo zaure ne, saboda haka ginin tukwane da daɓe da sauran ayyukan cikin gida fage ne na mata manazarta, tare da yardar matan da ta masu gidan. Malamai sun saɓa a kan hukuncin hoto, kuma akwai mutanen da ba sa so a ɗauke su. Wanda ya ƙi a ƙyale shi. Wanda ya yarda a ɗauki hannunsa kawai, a tsaya nan. Yara sai da izinin iyaye. Fasinjan da ya kwana a tarago yana da haƙƙin kada a watsa hotonsa yana cikin gajiya. A ƙarshe, a wanke hoto a mayar wa mai shi, domin wanda ya ba da fuskarsa da iliminsa ya cancanci ya ga abin da aka yi da su.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi tarihin layin dogo a kewayen Minjibir daga 1911 zuwa aikin layin Maraɗi, ta kasa magina gida huɗu, ta kuma nuna yadda al'adar hoton jirgi ta bar leburori da magina ba suna. Ta kawo ƙa'idojin haske da sauri da tsari, da matakan ɗaukar gini, da bayanin da ke mayar da hoto hujja. Leburorin Baro da na Nguru sun riga sun wuce, kuma ba a iya komawa a tambaye su. Waɗanda ke aiki a kan hanyar Kunya a yau suna nan da ransu, haka ma dattawan da suka iya ɗaurin guga da ginin rumbu. Ana ba da shawara ga sassan Hausa na jami'o'in Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato su sanya wannan aiki cikin batutuwan binciken ɗalibansu tun gini bai bushe ba.